Wa Ya Kori Damina? Kano da Tarihin Cinikin Sauyin Yanayi

Duk shekara, wajen watan Nuwamba, lokacin da manomin Kano ke shirin kai dawa rumbu, wakilan ƙasashe kusan 200 kan hallara a wani birni su kwashe mako biyu suna ja-in-ja a kan hayaƙi. Wannan taro shi ake kira COP. An yi na farko a Balin ta Jamus a 1995, na 30 kuma a Belem ta Birazil a 2025. Wanda ya tsinci labarin a rediyo a Gwammaja ko Ƙofar Mazugal zai ji ana ta ambaton biliyoyin daloli da ma'aunin zafi, ya ɗauka zancen Turawa ne da bai shafe shi ba. Alhali kuwa shekara 60 kafin taron Balin an riga an fara muhawara a kan gonakin ƙasar Hausa: me ke korar damina, laifin wa ne, kuma wa zai biya? Amsar farko ta ɗora laifin a kan manomi da makiyayi da matar da ke hura murhu. Daga baya amsar ta sauya, amma biyan kuɗin ya zama ciniki mai tsawo wanda har yau ba a sallama ba.

Hayaƙin farko a gindin Dala

Kano da hayaƙi ta fara. Masu binciken kayan tarihi sun gano ragowar wuraren narkar da tama a Dutsen Dala, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Tama ba ta narkewa sai da gawayi, gawayi kuma sai an sari itace. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci wani kurmi mai duhu a bakin Jakara wanda mutanen Barbushe ke girmamawa. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwa a wajen. Kurmin ya tafi, sunansa ya zauna a kan kasuwar.

Ke nan sama da shekara 1,300 mutanen wannan wuri suna sara suna ƙonawa. Duk da haka, da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya hau Dala a 1851 ya leƙa gari, ya ga kududdufai da gonaki da itatuwa a cikin ganuwa. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne wani tsari da ya ɗaure birni da ƙauye. Da rani jakuna kan fita ta ƙofofin gari da mangaloli cike da taki da toka, su dawo da itacen girki da hatsi. A gona kuma ba a taɓa ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da sunan share fili. Kowace bishiya da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gonar, rassanta ake ragewa ta sake tofowa. Wannan tsari shi ne baƙin da suka zo daga baya suka kasa gani.

Kakalaba da Baturen daji

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, kuma tun 1905 ake auna ruwan saman da ke sauka a garin ana rubutawa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. A kakar 1912 gyaɗa ta yi kuɗin da ba a taɓa gani ba, manoma da dama suka ƙara mata fili a gonakinsu. Sai daminar 1913 ta ƙi. Kafin a kai ga daminar 1914 yunwa ta mamaye ƙasar Hausa, tun daga Kano har Damagaram, ta hallaka dubban mutane. Tsofaffi sun riƙa kiranta Kakalaba. An ci gaba da karɓar haraji a cikin wannan hali, agajin gwamnati kuma ya zo a makare, bai taka kara ya karya ba. Ƙarancin ruwa ne ya kawo fari, amma haraji da kasuwa suna cikin abin da ya mayar da farin annoba.

Shekara 20 bayan haka, a 1934, wani malamin ilimin daji daga Jami'ar Edinbara mai suna E. P. Stebbing ya ratsa arewacin Najeriya da ƙasar Nijar da rani. Ya ga ƙasa fayau, ga ƙurar hunturu, ga rairayi. Da ya koma gida ya shelanta a 1935 cewa hamadar Sahara na gusowa kudu, kuma masu janyo ta su ne manoma masu sassabe da ƙona daji da makiyaya masu yawan dabbobi. Ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar daji a tare ta.

Maganar ta tayar da hankalin Ingila da Faransa, har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji, wanda ya zaga yankin iyakar Najeriya da Nijar tsakanin 1936 da 1937. Ana iya cewa wannan ne karon farko da gwamnatoci biyu suka zauna a kan bushewar ƙasar Hausa, ba tare da Bahaushe ko ɗaya mai yanke shawara a zaman ba. Kwamitin ya ce ya ga wuraren da aka yi wa daji illa, amma bai ga shaidar cewa Sahara na tahowa ba. Rahoton ya kwanta a ofis, zargin kuwa ya ci gaba da yawo. A yankin Faransa dokar daji ta 1935 ta mayar da muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma. Manomi ya ga bishiyar da ta fito a gonarsa za ta iya jawo masa tarar malamin daji, sai ya gwammace ya tuge ta tun tana ƙarama.

Farin 1973 ya kai maganar gaban duniya

Shekarun 1950 sun zo da ruwa mai albarka. Lokacin ne dalar gyaɗa, wadda ta ari sunanta daga dutsen, ta zama tambarin Kano. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, a 1972 da 1973 abin ya kai maƙura. Ruwan da aka auna a Kano a 1973 kusan rabin abin da aka saba samu ne. Shanu suka yi ta faɗuwa daga Senegal har Habasha. Buzaye da suka rasa raƙuma da awaki suka kwararo Kano, da yawansu suka kama aikin gadi. Tafkin Chadi, inda kogunan Kano da Challawa ke ƙarewa bayan sun bi ta Haɗeja da Yobe, ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma a tsakiyar shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma na wannan bai kai ba. A Nijar, yadda aka tafiyar da kayan agaji na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. A Kano kuma gwamnatin Audu Baƙo ta duƙufa a kan madatsun ruwa, aka kammala ta Tiga a 1974. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya rage, dalar gyaɗa ta zama labari.

Hotunan yara masu yunwa sun shiga talabijin na Turai da Amurka, duniya ta motsa. Ƙasashen Sahel shida suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a Wagadugu a 1973. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, ƙasashe fiye da 90 suka halarta.

Sai dai tsohon zargin Stebbing ya riga kowa isa zauren, wannan karon sanye da rigar kimiyya. A 1975 wani shahararren masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, farar ƙasar da ta bayyana takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya daina haɗuwa. Ma'ana, akuyar Bafulatani da gatarin mai itace su suka kori damina. A kan irin wannan fahimta aka tsara shirin Nairobi, wanda ya ci burin dakatar da hamada kafin shekarar 2000. Aka buɗe asusun da kowace ƙasa za ta saka abin da ta ga dama, kuma abin da aka tara bai kai ko'ina ba. Tunda an ce mai gona ne ya jawo wa kansa, duk abin da aka ba shi sadaka ce, ba wanda zai ce bashi ne.

Da shaida ta juya

A 1986 masana a hukumar hasashen yanayi ta Ingila, ƙarƙashin Chris Folland, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauyin ɗumin ruwan tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta bayanan zafin teku na shekaru da dama, ba tare da sun saka mata labarin kiwo ko saran itace ba, sai ga shi ta fitar da jerin shekarun ruwa da na fari kusan yadda suka auku.

Bayanin yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya san inda damina ke fitowa. Ruwan Kano daga Tekun Atilantika iska ke ɗauko shi, kuma layin hadarin yakan karkata wajen ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu da tashoshin lantarki na Turai da Amurka sun yi ta ƙona kwal, suna tura hayaƙin farar wuta sama. Wannan hayaƙi yana tare hasken rana, ya sanyaya arewacin teku, yayin da tekunan kudu ke ƙara ɗumi. Sai layin hadari ya riƙa tsayawa a kudu, bai iso Sahel da ƙarfinsa ba. Har yanzu masana na muhawara a kan kason da hayaƙin masana'antu ya ɗauka da kason da yake na juyin teku na ɗabi'a, amma an daina ɗaukar akuya a matsayin babbar mai laifi.

Ruwa ba ya tsami banza. Turai ta rage hayaƙin farar wuta ne saboda yana haɗuwa da ruwan sama ya kashe mata dazuka da kifayen tafkuna. Ƙasashenta suka ƙulla yarjejeniya a Janiba a 1979, sannan a Helsinki a 1985 suka amince su rage shi da aƙalla kashi 30 cikin 100. Daga shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa a Sahel. Mai yiwuwa ne yarjejeniyar da ta fi taimakon manomin Kano ita ce wadda aka yi ba don shi ba, ba kuma da saninsa ba.

A ƙasa ma shaida ta wanke manomi. Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, da abokan aikinsa sun binciki itacen girkin Kano, suka wallafa sakamakon a 1990. Sun tarar cewa a gonakin da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka fi cunkoso, yawan itatuwa bai ragu ba duk da fari. A Maraɗi kuma, daga 1983, wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, tofonsu kawai ake sarewa duk shekara. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku su girma, abin da ake kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwa, manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, sai abin ya bazu. An ƙiyasta cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawansu gawo.

Daga Riyo zuwa Kiyoto

Kafin wannan lokaci hankalin duniya ya koma kan wani hayaƙin na daban, wato iskar kabon da ke fita idan an ƙona kwal da fetur da gas. Ita ba ta tare rana, zafin da ya shigo take hana shi fita, kamar bargo, kuma takan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin ɗigo 280 nata a cikin kowane ɗigo miliyan na iska. Yau ta haura 420. A 1988 aka kafa kwamitin masana na IPCC don ya riƙa tattara abin da bincike ya tabbatar.

A taron Riyo na 1992 ƙasashe fiye da 150 suka sa hannu a kan yarjejeniyar farko ta sauyin yanayi. A cikinta akwai ƙa'idar da duk rigimar baya ta taso daga gare ta: nauyin na kowa ne, amma ba daidai yake ba, waɗanda suka fara ɓata iska su za su fara gyarawa, su kuma tallafa wa na baya. Ƙasashen Afirka sun dage sai an yi wa hamada tata yarjejeniyar, aka kammala ta a Faris a watan Yunin 1994. Najeriya ta amince da ta sauyin yanayi a wannan shekarar. Akwai wani abu da aka kasa daidaitawa tun farko, wato yadda za a kaɗa ƙuri'a. Shi ya sa har yau ba a yanke hukunci a taron COP sai in babu mai ƙin amincewa, abin da ya ba kowace babbar ƙasa damar riƙe wuyan taro.

A Kiyoto ta Jafan, a watan Disambar 1997, aka ɗora wa ƙasashe masu masana'antu wajibcin rage hayaƙinsu da kimanin kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990, tsakanin 2008 da 2012. Tun kafin a je, majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95 ba ko ɗaya mai adawa cewa ba za ta karɓi yarjejeniyar da ta ƙyale ƙasashe masu tasowa irin su Sin da Indiya ba. A 2001 Shugaba George W. Bush ya juya mata baya. Sai da Rasha ta amince sannan ta fara aiki a watan Fabrairun 2005. Kanada, da ta ga ba za ta cika alkawari ba, ta sanar da ficewa a 2011. Kiyoto ta buɗe kasuwar da mai masana'anta a Turai zai biya kuɗin wani aikin rage hayaƙi a ƙasa mai tasowa a rubuta masa ladan. Sin da Indiya suka kwashe mafi yawan ayyukan, Afirka ta tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Kofenhegen da Faris

Wajen 2006 Sin ta wuce Amurka a yawan hayaƙin da ake fitarwa a shekara, sai cinikin ya ƙara rikicewa. Masu arziki suka ce ba za su rage su kaɗai ba. Masu tasowa suka ce a fara lissafi daga ranar da aka fara ɓarna. A watan Nuwambar 2009 wakilan Afirka suka fice daga zaman share fage a Basalona don nuna fushi. Wata guda bayan haka, a Kofenhegen ta Danmak, shugabannin ƙasashe ƙalilan suka shiga ɗaki suka fito da takarda. Lumumba Di-Aping na Sudan, mai magana da yawun ƙasashe masu tasowa, ya kwatanta ta da neman Afirka ta sa hannu a kan halakar kanta, domin ƙarin zafin digiri 2 a duniya yana nufin fiye da haka a nahiyar. Taron ya watse ba tare da ya amince da takardar a hukumance ba. Abin da ya rage daga cikinta shi ne alkawarin dalar Amurka biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Alkawari kaya ne. Bisa lissafin ƙungiyar OECD ta masu bayarwar, sai a 2022 aka cika adadin, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin gwamnatocin rance ne da za a biya.

A Faris, ranar 12 ga Disambar 2015, aka sauya dabara. Maimakon a yanka wa kowace ƙasa kasonta, kowa zai faɗi abin da zai iya, a sake dubawa duk shekara biyar, da burin tsayar da ƙarin zafi ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. Abubuwa biyu da suka faru a wannan taro sun isa su nuna yadda ake cinikin. A sa'o'in ƙarshe tawagar Amurka ta ga an rubuta cewa wajibi ne ƙasashe masu arziki su ja gaba wajen rage hayaƙi, ta ƙi, aka mayar da kalmar ta koma "ya kamata", aka ce kuskuren buga rubutu ne. Sannan an yarda a ambaci asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, amma aka rubuta ƙarara cewa wannan ba zai zama hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba. Duk da wannan rangwame Amurka ta fice a 2020, ta dawo a 2021, a watan Janairun 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sake sa hannu a kan ficewa.

Najeriya mai fuska biyu

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Abin da ɗan Najeriya ɗaya ke fitarwa a shekara bai kai tan 1 ba, na Ba'amurke ɗaya kuwa ya kai wajen tan 14. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma laifi tudu ne, kuma Najeriya na da nata. Ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, kuma tun 1991 wanda ya daɗe yana jagorantar ƙwararrun tawagarta a tattaunawar yanayi shi ne marigayi Muhammad Sanusi Barkindo, jami'in kamfanin mai na NNPC, wanda daga baya ya zama babban sakataren OPEC daga 2016 zuwa 2022. Gogaggen mai ciniki ne da ake girmamawa, sai dai zaɓensa ya nuna abin da gwamnati ta fi jin tsoro a lokacin: faɗuwar kasuwar fetur ta fi damunta a kan faɗuwar damina. Dokar 1979 ta sa watan Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin mai, amma har yau wutar na ci a yankin Neja Dalta.

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar Faris a watan Satumbar 2016, lokacin Amina Muhammad na ministar muhalli. Najeriya ta yi alkawarin rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙin da aka yi hasashen za ta fitar a 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 45 idan an tallafa mata. A Gilasgo a 2021 ta ce za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa kafin 2060, aka kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwambar wannan shekara. A ɗaya gefen, kotu ta ɗaure wani tsohon gwamna a 2018 kan karkatar da kuɗin asusun kula da muhalli. A taron Dubai na 2023 sunaye 1,411 aka rubuta a tawagar Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Irin waɗannan labarai su ne masu jan ƙafa wajen biya ke fakewa da su.

Inda cinikin ya tsaya

Damina ta dawo, amma da wani hali. Ruwan da a da ke sauka a hankali cikin makonni yanzu yakan zubo cikin 'yan sa'o'i. Mutanen Kano sun ɗanɗana irin wannan tun watan Agustan 1988, da madatsar Bagauda ta ɓalle. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Masana da suka bi diddigin ruwan wannan damina sun ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar aukuwarsa kusan sau 80. A watan Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ita dai 2024 ita ce shekarar farko da zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu.

Tun 1991 tsibirin Banuwatu ya nemi a kafa asusun biyan irin wannan asara. Sai a 2022, a Sharmul Shaikh ta Masar, aka amince. Alkawuran farko da aka yi masa a Dubai sun tsaya a wajen dalar Amurka miliyan 700. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi tiriliyan 1.3 duk shekara, aka taya biliyan 300 kafin 2035, aka buga guduma kafin masu ƙorafi su yi magana. Wakiliyar Najeriya, Nkiruka Maduekwe, ta kira adadin abin dariya. A Kurmi idan tayi bai yi wa mai kaya ba yakan ce albarka ya naɗe kayansa. A wannan kasuwa babu inda mai kaya zai tafi, domin sama ɗaya ce.

Ƙofar da aka rufe a Faris ta ɗan buɗe ta wani wajen. Ranar 23 ga Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Heg, bisa buƙatar da Banuwatu ta jagoranta, ta ba da ra'ayin shari'a cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta saɓa za a iya neman ta gyara ɓarna, har da diyya, idan an tabbatar da alaƙa tsakanin laifin da cutarwar. Ra'ayin ba ya tilasta wa kowa biya, amma ya mayar da maganar kan shaida, kuma a nan Kano ba ta da talauci. Tana da lissafin ruwan sama na shekara 120. Tana da tarihin Kakalaba da na 1973, da binciken da ya wanke manomanta. Maƙwabtanta Maraɗi da Damagaram na da hekta miliyan 5 da za su nuna, alhali shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Kano ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal ya farfaɗo daga cikin miliyan 100 da ya sa a gaba.

Shaidar tana buƙatar a gyara gida kafin a fita da ita. Kududdufan da Barth ya hango daga kan Dala su ne ke shanye ruwan birni idan an yi mamako. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, an ci ganuwa, an toshe magudanai da leda, kuma wannan ba aikin masana'antun Turai ba ne. An tsayar cewa Addis Ababa ce za ta karɓi taron COP na 2027. Kafin lokacin, mai karatu na da damar tambayar duk wanda zai je da sunansa: nawa ne kyauta nawa ne rance a cikin kuɗin da aka karɓo, nawa ne ya isa hannun manomin da ke rainon gawo a gonarsa, kuma kududdufi nawa ya rage a cikin birni?